Ranar da Muka Tada Rediyon Baba

Asabar.

Tun makon jiya uwargida ke cewa ko dai in fitar da tarkacen da ke ɗakin ajiya, ko ita ta fitar. Na san in ita ta shiga, ba za ta tsaya tantance wanne ne tarkace wanne ne tarihi ba. Don haka da safe na ɗaura ɗamara. Na yi sa'a ɗan ƙanwata yana hutu a wajenmu, shekararsa 14, ga ƙarfi ga surutu. Na ce ya zo ya kama mini. Ya zo, amma hannu ɗaya kawai ya ba ni, ɗayan yana riƙe da waya.

Yaron nan jiragen yaƙi sun shiga ransa. Muna ɗaga katifa yana zuba: "Kawu, ka san akwai jirgin da bindigarsa ta kusa kai tsawon mota?" Na ce A-10 kake nufi, jirgin yaƙin Amurka. Sai ya ajiye gefensa na katifar ya dube ni, kamar bango ne ya yi magana. Bai san ni ma da ina sa'ansa na yi wannan zazzaɓin ba, sai dai ni da almakashi na yi nawa, ina yanko hotuna daga tsofaffin mujallu ina liƙawa a littafin makaranta.

Aka shiga musayar wuta. Ya ce bindigar GAU-8 sunanta, baki 7 gare ta, harsashinta milimita 30, tana aman guda 3,900 a minti ɗaya. Na ce to raba mini da 60. Ya yi shiru, ya latsa waya, ya ce 65 a daƙiƙa. Na ce gangar harsashin yawanci guda 1,174 ake zuba mata, in matuƙi ya danne bai ɗaga yatsa ba, cikin daƙiƙa 18 ya zama ɗan kallo. Shi ya sa ɗan taɓawa suke yi, daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ya rama da cewa in ta tashi har tsayar da jirgin take yi a sama. Wannan kam zuƙi ta malle ce, na faɗa masa. Gaskiyar ita ce turin da take yi baya ya ɗan zarce ƙarfin inji ɗaya daga cikin injinan jirgin biyu, kuma don kada ta riƙa karkatar da hancin jirgin, an daidaita bakin da ke harbi a tsakiya cif, tayar gaba kuma aka matsar da ita gefen dama. Bai ji daɗin gyaran ba, amma batun tayar ya burge shi.

Can bayan kwalaye muka iske su su biyu a lulluɓe da tsohon zanen gado: talabijin ɗinmu mai baƙi da fari, da rediyon Baba, Allah ya jiƙansa.

Rediyon nan ya girme ni. Akwatin katako ne mai nauyi, gabansa yadi mai ruwan ƙasa inda murya ke fitowa, ƙasa kuma gilashi mai ɗauke da sunayen birane: Landan, Mosko, Alƙahira, Roma, da wasu da har na girma ban san a wace ƙasa suke ba. A jikin wannan gilashin na fara sanin cewa duniya tana da faɗi. Yaron ya tambayi ina ake sa masa caji. Ban amsa ba, na aike shi ya ɗauko mini sukudireba da buroshi.

Da na kwance murfin baya sai ga su a jere, ƙananan kwalaben gilashi kamar ƙwan lantarki, waɗanda masu gyara ke ce wa bawul. Ƙura ta yi musu hula. Na ce kada ya taɓa komai, don irin waɗannan kayan akwai wutar da ke kwanciya a cikinsu ko bayan an cire su daga soket, musamman talabijin. Ya leƙa ya yi dariya, ya ce, "Kawu, wannan ai kayan zamanin jahiliyya ne."

Nan na samu inda zan kama shi. Na ce ya san MiG-25? Ya ce wa bai san shi ba, jirgin Tarayyar Sobiyet mai gudun da ya kusa ninka saurin sauti sau uku. Na ce to ranar 6 ga Satumba 1976 wani matuƙi mai suna Viktor Belenko ya gudo da ɗaya ya sauka a Hakodate ta ƙasar Japan. Amurkawa da suka shekara da shekaru suna fargabar jirgin suka taru da Japanawa suka kwance shi ƙusa-ƙusa, sai bayan wata biyu da 'yan kwanaki aka mayar wa masu shi a cikin akwatuna. Me suka tarar? Galibin jikinsa ƙarfe ne da aka yi wa walda, na'urorinsa kuwa cike da irin waɗannan kwalaben da kake wa dariya. Su ma da farko dariyar suka yi. Daga baya aka fahimci bawul yana jure zafi da sanyi, yana kuma ɗaukar wuta mai yawa, abin da rada mai ƙarfi, wato na'urar hango jirage daga nesa, ke buƙata ke nan.

Ya sake leƙa cikin rediyon, wannan karon da ladabi.

Na ɗauki fiye da awa ina share ƙura, ina duba wayoyin da ɓera bai ci ba. Uwargida ta leƙo ta ga an baje kaya a tsakar ɗaki, ba a fitar da ko tsinke ba, ta girgiza kai ta koma. Da na jona shi na murɗa maɓallin, babu abin da ya faru. Yaron ya ce ya mutu. Na ce jira. Wannan jiran na manta da shi sai yau. Kwalaben suka fara ja a hankali kamar garwashi, wani wari ya taso, warin ƙura mai zafi da tsohon katako, kuma wallahi da ya bugi hancina sai na ga Baba zaune a kujerarsa, kunne a jikin yadin, yatsu biyu a kan maɓalli, yana ɗaga mana ɗayan hannun alamar kowa ya yi shiru. Sai gurnani ya fara fitowa daga lasifika, sannan shuuu.

Na ɗaura doguwar waya a matsayin eriya, na rataya ta a taga, na mayar da shi gajeren zango. Mita 49, mita 31, mita 25, mita 19. Baba ya san su kamar yadda ya san sunayenmu: da rana ya haura wajen 19 da 16, dare ya yi ya gangaro 41 da 49. A lokacin na ɗauka ɗabi'arsa ce kawai. Ashe saman sararin samaniya da ke dawo da igiyar rediyo ƙasa yana sauya hali tsakanin rana da dare, shi kuma kunnensa ya koya masa abin da ni sai a littafi na karanta.

Yanzu zangon ya zama kufai. Da, ko yaya ka motsa allura sai ka taka wata tasha, wannan na kiɗa, wancan na labarai, wani na wa'azi da harshen da ba ka taɓa ji ba, duk suna hawa kan juna. Yau na yi ta murɗawa, shuuu kawai da ƙarar da cajar waya da fitilun zamani ke zubawa a iska. Sai da muka kashe rabin kayan wutar gidan kafin muka kamo wata murya can nesa, tana zuwa tana tafiya.

Na tuna wata ƙara da ke ɓata wa Baba rai a shekarun nan, ƙwas-ƙwas-ƙwas ba tsayawa, kamar ana ƙwanƙwasa katako da ƙusa. Yakan ce rediyon ne ya fara tsufa. Ba rediyon ba ne. Wata gagarumar rada ce ta Sobiyet mai suna Duga, ɗaya daga cikin tashoshinta tana kusa da Chanobil ta ƙasar Yukiren, an gina ta don hango tashin makamai masu linzami tun daga can nesa. Daga 1976 zuwa 1989 tana ƙwanƙwasa sau 10 a daƙiƙa, tana shiga gajeren zangon kowa a duniya ba sallama. Baba ya rasu bai san cewa yaƙin cacar baka ne ke buga masa ƙofa a tsakiyar labarai ba. Sau biyu ya kai rediyon gyara saboda ita.

Da allura ta kai mita 49 na tsayar da ita, na ce wa yaron ya dubi wurin da kyau. Ranar 26 ga Fabrairu 1935, wasu masana kimiyya biyu, Robert Watson-Watt da Arnold Wilkins, suka ajiye mota a wani fili kusa da Daventry a Ingila, inda BBC ke da tashar watsa shirye-shiryenta na gajeren zango zuwa ƙasashen waje. Aka sa wani jirgin jefa bam ƙirar Heyford ya ratsa ta cikin igiyar tashar, a kan wannan zangon na mita 49. Igiyar ta bugi jikin jirgin ta dawo, ɗigon haske a gilashin na'urarsu ya yi ta tsalle. Daga wannan ranar Birtaniya ta kama aikin rada gadan-gadan, kuma ita ta taimake ta a 1940 da jiragen Jamus suka yi mata ca. Wato tashar da aka gina don mutum irin Baba ya ji labarai, ita ta fara nuna yadda za a ga jirgi kafin ido ya gan shi.

Yaron ya ce wannan babu shi a bidiyoyin da yake kallo. Na ji daɗi fiye da yadda ya kamata dattijo ya ji don ya kayar da ɗan shekara 14.

Bai bari na tafi da nasarar ba. Ya ce na san jirgin da ya harbo kansa? Na taɓa ji, amma na bar shi ya faɗa, don yadda idonsa ke ƙyalli. F-11 Tiger na Amurka, ranar 21 ga Satumba 1956, matuƙin gwaji Tom Attridge. Ya saki harsasai masu milimita 20, sannan ya sunkuyar da hancin jirgin ya ƙara wuta. Iska ta rage wa harsasan gudu suna gangarowa, shi kuma yana ƙara gudu ta ƙarƙashinsu, sai suka yi kiciɓis. Gilashin gaba ya tsage, inji ya lalace, ya faɗa cikin itatuwa kafin ya kai filin sauka. Ya tsira da karaya. Yaron ya ba da labarin da hannu biyu, ɗaya jirgi ɗaya harsashi, har ya kusa ture rediyon.

Ni kuma gurnanin lasifikar ya tuna mini Sidewinder. Makami mai linzami na Amurka da ya fara aiki a 1956, mai bin zafin injin jirgin gaba, sunan wani maciji mai gano abin farautarsa ta zafin jiki aka sa masa. Ba rubutu yake nuna wa matuƙi ba. Gurnani yake yi masa a kunne, yana ƙara kaifi in idon makamin ya kama zafi sosai. Matuƙi yana sauraro yana jiran sautin ya zauna daidai, kamar Baba yana lallaɓa allura har murya ta fito tas. A 1958, a faɗan da aka yi a saman mashigin Taiwan, ɗaya ya cake a jikin MiG-17 na Sin bai fashe ba, jirgin ya koma gida da shi. Ya ƙare a hannun Sobiyet, suka kwaikwaye shi suka kira nasu K-13.

Bayan la'asar muka juya kan talabijin. Ban sa rai ba, amma ya kama. Hasken ya buɗe a hankali daga tsakiya, sai tururuwa baƙi da fari suka cika gilashin. Babu abin da zai kamo, irin siginar da ya sani ta yi ƙaura. Na nuna wa yaron maɓallin bayan da muke murɗawa in hoto ya fara birgima sama, da yadda ake tura ɗaya daga cikinmu waje ya juya sandar eriya, na ciki na ihu, "Ya yi! A'a, koma baya kaɗan!" Na ba shi labarin lokacin da tasha ke buɗewa da yamma ta rufe kafin tsakar dare, mu zauna muna kallon allon gwaji mai da'ira da layuka kamar shi ma shiri ne. Ya kasa gane yadda za a ce talabijin ta tashi daga aiki.

Na so in gaya masa batun Walleye, bam ɗin da Amurka ta fara jefawa a Biyetnam a 1967, mai kyamarar talabijin a hancinsa. Ba shi da inji, sulalowa yake yi a iska zuwa ƙasa. Matuƙi yana da ɗan gilashi a gabansa mai nuna hoto baƙi da fari, ya ɗora alamar a kan gada ko gini, ya saki. Na fara, sai na tsaya a rabi, don wani abu ya faɗo mini.

A wannan gilashin na kalli Yaƙin Tekun Fasha a Janairun 1991. A lokacin maƙwabta sun sayi mai kala, mu muna nan da namu, abin yana cina a rai. Sai aka fara nuna hotunan nan da jirage ke ɗaukowa, gini a tsakiyar alamar giciye, ɗan jira, sannan hayaƙi. Hotunan baƙi da fari ne ko a talabijin mai kala. Na tuna farin cikin da na yi: yau dai babu abin da maƙwabta suka fi mu gani. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan a daren, ni da nake saurayi har da gemu ya fara tsirowa. Baba bai zauna kallon ba. Ya ɗauki ƙaramin rediyonsa mai batir ya fita waje, inda masu aiko da rahoto ke faɗin abin da ke faruwa a unguwannin Bagadaza.

Yaron ya ce, "Kawu, sai me ya faru da bam ɗin?" Na ƙarasa masa a gurguje. Na kashe talabijin ɗin, hoton ya tattare ya zama ɗigo ɗaya fari a tsakiya. Muka tsaya mu biyu muna kallonsa har ya ɓace, shi karo na farko, ni ban san karo na nawa ba.

A ƙarshe abin da ya fita daga ɗakin ajiya yau: katifa ɗaya, kwalaye huɗu, da fankar da ba ta da fiffike. Talabijin ya koma ƙarƙashin zanensa. Rediyon na kawo shi falo na ɗora a kan kanta, uwargida ta dube shi ta dube ni, ta ce a dai samo masa abin shimfiɗa kada ya goge fentin.

Yanzu ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce. Na kashe fitilu, kwalaben na haska bango ta ramukan murfin baya. Da dare zangon ya ɗan farfaɗo, na kamo tashoshi biyar a mita 49 da 41, ɗaya mace ce ke karanta wani abu da harshen da ban gane ba, na bar ta tana yi. Ɗazu yaron ya fito daga ɗaki da bargo a kafaɗa, wai ya kasa barci. Ya zauna a ƙasa kusa da kanta, ya tambaya ko zai iya murɗawa. Na ce a hankali, da yatsu biyu. Ya wuce tashar sau uku kafin ya iya tsayawa a kanta.