Kwana uku yana ɓoye mini kunnensa

Matashin kan ɗana ne ya tona asirin. Ranar Alhamis da safe na shiga ɗakin yara zan kakkaɓe shimfiɗa, sai na ga tabo a rigar matashin ɗana na uku, ruwa-ruwa da ɗan jini da ya bushe. Shekararsa tara, yana aji huɗu na firamare. Na ƙwala masa kira sau biyu bai waiwayo ba, sai da na zagayo ta damansa. Na ce, "Me ya sami kunnenka?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Umma." Yayarsa ce ta fasa ƙwan: tun ranar Litinin malamin lissafi ya zabga masa mari, don ya kasa kawo bakwai sau takwas.

A asibiti likita ya leƙa kunnen da 'yar fitilarsa, ya ce dodon kunnen ya huje. Ya yi mini bayani cewa idan tafin hannu ya rufe kunne ruf, iskar ciki ba ta da mafita, sai ta danna dodon kunnen har ya yage. Ya ce yawanci yakan haɗe da kansa cikin 'yan makonni, amma kada ruwa ya shiga, kada a ɗiga masa man zaitun ko wani maganin gida, in zai yi wanka a toshe da auduga mai ɗan basilin.

A cikin adaidaita sahu muna dawowa na tambaye shi dalilin da ya sa ya yi shiru har kwana uku. Ya ce, "Ai ke kika ce in aka dake ni a makaranta na zo na faɗa, sai kin ƙara mini." Ban iya ce masa komai ba har muka sauka, don gaskiya ya faɗa. Na sha faɗin haka, kamar yadda mahaifiyata ta sha faɗa mana. Nufina kada ya raina malamansa. Shi kuma abin da ya ɗauka shi ne, ko kunnensa na zubar da jini, gida ba wurin kai kuka ba ne.

Ba na daga cikin masu zagin malamai, domin na ci alli shekara bakwai kafin in bar koyarwa. Na riƙe aji mai yara casa'in da wani abu, rabinsu a ƙasa kan siminti, ga zafin Afrilu, ga albashin da ba ya kai tsakiyar wata. Kullum akwai tsumagiyar darbejiya a kan teburina, ɗan monita ne ma yake karyo mini sabuwa. Na yi duka. Abin da na gani da idona a shekarun nan shi ne, tsumagiya tana sa aji ya yi tsit, amma ba ta taɓa sa wa yaro karatu a ka ba. Yaran da na fi duka a zangon farko su ne dai nake duka a zango na uku. Abin da suka ƙware a kai shi ne kwafar aikin gida a bakin ƙofa, da saka wando biyu, da laɓewa a kango in sun makara har a tashi. Masanin tarihin nan Ibn Khaldun ya rubuta wannan tun fiye da shekara 600 da suka wuce: tsananta wa mai koyo yana kashe masa himma, ya koya masa ƙarya da yaudara don tsoron hannun da ke kansa.

Da na ce zan je makarantar, surukata ta ce, "Haba 'yar nan, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma duk inda bulalar malam ta taɓa, wuta ba za ta ci wurin ba." Na ce, "Inna, tanƙwarawa daban, karyawa daban." Waccan magana ta bulala da wuta zancen gari ce, ba hadisi ba ce. Abin da ya inganta shi ne Nana A'isha ta ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Anas ya yi masa hidima shekara goma tun yana yaro, ko tsaki bai taɓa yi masa ba. Ya kuma hana dukan fuska ƙarara. Hadisin da kowa yake kawowa na salla, umarni ne a shekara bakwai, sannan a yi shekara uku cur ana koyarwa kafin a zo maganar duka a shekara goma. Malamanmu na Malikiyya ma ba su bar abin sakaka ba. Ibn Sahnun na Ƙairawan, da ya yi rubutu kan ladubban masu koyarwa, ya ce kada malami ya wuce bulala uku sai da izinin uba, kada ya taɓa kai ko fuska, kada kuma ya yi duka cikin fushi. A auna wannan da dorina da wayar kebur da bel ɗin injin markaɗe da ake gani a hannun wasu yau, a boko da Islamiyya da tsangaya duka.

Ta fuskar doka, yana da kyau iyaye su san inda aka tsaya. Final Kod, wato kundin dokokin hukunta laifuka da Arewa ta gada tun 1960, a sashe na 55, ya bar wa uba da malamin makaranta damar horon yaron da bai kai shekara 18 ba, amma da sharaɗin kada a yi masa mummunan rauni. Karaya, ko lalata ido, ko kashe jin kunne, sun fita daga horo sun koma laifi. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta hana a cutar da yaro a jikinsa ko a zuciyarsa, Kaduna ta yi tata a 2018, Kano a 2023. Jihar Legas kuwa ta hana duka a makarantunta gaba ɗaya. Don haka wanda ya ce miki "ai babu abin da za a yi", bai san dokar ba ne, ko kuma yana so kada ki sani.

Akwai abin da ya fi damuna fiye da bulalar ma, wato gwale-gwale. Tsallen kwaɗo, kamun kunne, durƙuso a kan tsakuwa da tsakar rana hannu a sama, noman fili babu ruwan sha. Ana ganin su kamar sauƙi ne tun da ba sa barin shati. Amma ƙasarmu ce ta fi kowace yawan masu sikila a duniya, kuma zafi da ƙishirwa da wahalar jiki suna cikin abin da ke tayar da ciwon. Yaro mai sikila ko wanda maleriya ta kumbura wa saifa, duka ɗaya a haƙarƙarin hagu na iya zama ajalinsa. Ga masu asma, ga masu farfaɗiya. Malami mai yara casa'in ba zai san wannan ba sai mun faɗa masa, mu kuma muna ɓoyewa don gudun surutun mutane. A gaya wa malamin aji baki da baki, a kuma rubuta a takarda a ajiye a ofishin hedimasta.

Ranar Juma'a muka je da baban yaran, da takardar likita a hannu. Tun a gida muka yi shawara cewa ba za mu ɗaga murya ba, ba kuma za mu tunkari malamin a gaban ɗalibai ba. Hedimasta ya karanta takardar ya ce, "Malama, a yi haƙuri, a bar maganar nan a cikin gida." Na ce, "Ranka ya daɗe, haƙuri mun yi, amma ina so a rubuta." Aka kira malamin. Matashi ne, bai fi shekara biyu da gama makaranta ba, hannunsa har rawa yake yi da ya ga takardar. Ya ce wallahi bai san mari na iya yin haka ba, kuma na yarda da shi, don ni ma a kwalejin horon malamai babu wanda ya taɓa gaya mini. Muka ce ba mu nemi a kore shi ba. Abin da muka nema shi ne makaranta ta biya kuɗin magani, a rubuta abin da ya faru, a kuma kawo maganar horo a taron iyaye da malamai. Na faɗa musu a fili cewa idan aka yi burus, zan kai wa kwamitin kula da makaranta, daga nan sai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma.

A taron, wani dattijo ya miƙe ya ce shi dai a ci gaba da zane masa 'ya'ya, don shi ma duka ne ya mai da shi mutum. Mata da yawa suka gyaɗa kai. Sai wata baiwar Allah daga baya ta ce 'yarta ta koma fitsarin kwance tun da aka canja mata aji, kuma duk safiyar Litinin sai ta ce cikinta na ciwo. Wurin ya yi shiru, sannan wasu uku suka ce nasu ma haka. Ba a hana bulala a ranar ba. Amma an amince babu mari, babu kebur, babu dukan yaro don ya kasa amsa tambaya, monita kuma ya daina riƙe tsumagiya.

Bayan mako shida likita ya sake leƙawa ya ce hujin ya rufe. Na tara yaran duka huɗu a tabarma bayan isha'i na ce musu na janye waccan magana, duk wanda aka daka ya zo ya faɗa mini, ko da shi ne da laifi, za mu yi maganar laifin daban. Yanzu in sun cire kayan makaranta nakan duba bayansu da cinyoyinsu kamar yadda nake duba littattafansu. Jadawalin bakwai kuwa da ƙwallayen dabino muka koya shi a tsakar gida, kashi-kashi, cikin dare huɗu. Har yanzu in an ɗaga hannu kusa da shi, ko don a gyara masa hula ne, sai ya kare kunnen hagun da kafaɗarsa.