Darussan da Na Koya a Ɗakin Binciken Ma'aurata

Duk wanda ya ji cewa aikina ya shafi nazarin ɗabi'a da sinadaran jiki da ake kira homon a tsakanin masoya da ma'aurata, tambayarsa ta farko kusan ɗaya ce: shin akwai sinadarin da za a auna a jikin mutum a san ko zai riƙe aure? Tambayar tana da dalili, domin kafafen yaɗa labarai sun daɗe suna tallata oksitosin a matsayin sinadarin soyayya, testosteron kuma a matsayin sinadarin zafin kai da neman mata. Sai dai zaman da na yi a ɗakin binciken ilimin halayyar ɗan Adam, ina karɓar samfur, ina shigar da alƙaluma, ina kallon bidiyon miji da mata suna gardama, ya nuna mini cewa sinadaran nan suna hawa suna sauka ne gwargwadon abin da ke gudana tsakanin mutum biyu, kuma wanda ya auna mutum ɗaya sau ɗaya bai ga komai ba tukuna.

Darasin ya faro ne daga yawu. Da shi ake auna testosteron da kotisol a mafi yawan irin waɗannan bincike, saboda tsoron allura kaɗai yana iya ɗaga kotisol, wato sinadarin da jiki ke saki lokacin damuwa. Mahalarci zai zauna da ɗan mazubin roba a hannu, ya tara yawu a baki, ya riƙa zubo shi ta siririn bututu har ya kai layin da aka zana, kuma wanda bakinsa ya bushe don fargaba yakan ɗauki mintuna yana fama yana dariyar kunya. Daga nan a rubuta sa'a da minti, a manna lamba maimakon suna, a kai firiza. Ana roƙon mutum kada ya ci abinci ko ya goge baki kafin ya zo, domin ɗan jinin da dasashi zai fitar, wanda ido ba ya gani, ya isa ya kumbura sakamakon testosteron, tunda abin da ke cikin jini ya ninka na yawu nesa ba kusa ba. Audugar da ake taunawa don tara yawu ma tana gurɓata wannan awon. Sannan ga agogon jiki: kotisol yana tashi cikin minti 30 zuwa 45 bayan farkawa, ya yi ta sauka har dare, testosteron ma ya fi yawa da safe. Saboda haka mijin da aka auna da hantsi da wanda aka auna da la'asar ba a jera su a layi ɗaya. Wanda ya daɗe yana cike takardun bincike da bayanin barcin jiya, da motsa jiki, da magani, da ƙwayar tazarar haihuwa, bakinsa yakan yi nauyi wajen cewa wane mai yawan testosteron ne, kamar yana faɗin tsayinsa.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne sanin wanda ya haifi wani. An daɗe da lura cewa maza masu aure da 'ya'ya sun fi gwauraye ƙarancin testosteron, kuma fassarar da ke saurin zuwa ita ce masu sanyin sinadari su ne masu zaman gida. A 2011 Lee Gettler da Christopher Kuzawa da abokan aikinsu suka wallafa sakamakon bin samari 624 a Cebu ta ƙasar Filifin, waɗanda aka auna a 2005 aka sake aunawa a 2009. Samarin da suka fi yawan testosteron tun farko su ne suka fi samun abokiyar zama da haihuwa, amma bayan sun zama ubanni sai sinadarin ya faɗi, da kashi 26 cikin ɗari da safe da kashi 34 da yamma, kuma ubannin da ke shafe sa'a uku ko fiye a rana suna kula da yaro sun fi sauran ƙasa. Robin Edelstein ta Jami'ar Michigan ta ga raguwar tana farawa tun matar tana da ciki, ko da yake ma'aurata 29 kawai ta bi, adadin da ke buƙatar a yi taka-tsantsan da shi. Da an tsaya a awo ɗaya, da labarin da za a bayar ya zama kishiyar gaskiya.

Labarin oksitosin ne ya koya mini haƙuri da sakamako mai daɗin ji. Ya samo asali daga wasu ƙananan ɓerayen daji na Arewacin Amurka da namiji da mace ke manne wa juna su yi renon 'ya'ya tare, waɗanda Sue Carter da Thomas Insel da Larry Young suka nuna rawar oksitosin da basofiresin, wani sinadari mai kama da shi, a shaƙuwarsu. A 2005 wani bincike daga Zurich da ya fito a mujallar Nature ya ce fesa sinadarin a hanci yana ƙara yarda: a wasan da ake damƙa wa baƙo kuɗi, mutum 13 cikin 29 da suka shaƙi oksitosin sun miƙa duk abin da ke hannunsu, alhali 6 cikin 29 ne suka yi haka a rukunin da aka ba feshin da ba komai a ciki. Duniya ta ɗauka. Amma a 2010 Carsten De Dreu ya ba da rahoton cewa feshin yana sa mutane fifita 'yan rukuninsu a kan bare, a 2020 kuma aka maimaita gwajin yarda da maza sama da 600, bisa tsarin da aka rubuta aka ajiye tun kafin a fara, ba a ga tasirin da aka yi ta yayatawa ba. Ko ɓerayen ma sun ba da mamaki, domin a 2023 masu bincike a Kalifoniya sun samar da waɗanda ba su da mashigar da oksitosin ke aiki ta cikinta, sai ga su suna shaƙuwa da abokan zamansu suna reno. Wannan bai soke aikin oksitosin a naƙuda da shayarwa ba, wanda tabbatacce ne. A ganina abin da ya rushe shi ne gajeren zancen da aka gina a kan mutum 58.

Game da ɗabi'a, akwai abu ɗaya da ya daɗe yana tsayuwa da ƙafarsa. Lowell Kelly da James Conley sun bi samari 300 da 'yan matansu da aka yi wa baiko a shekarun 1930 har zuwa 1980, suka tarar cewa saurin damuwa da fargaba da ɓacin rai, kamar yadda waɗanda suka san mutanen suka siffanta su tun suna matasa, yana cikin abubuwan da suka fi hasashen rabuwa ko zaman rashin jin daɗi. Nan mai cewa hali zanen dutse ne zai ga ya samu hujja, amma binciken da aka yi a Jamus kan matasa ya nuna cewa shiga dangantaka ta farko mai ɗorewa yana rage wannan damuwar da kuma jin kunyar mutane. Zaman tare yana taɓa halin kamar yadda halin ke taɓa zaman.

Shi ya sa ma'aunin aikinmu mutum biyu ne. Akan ba ma'aurata batun da suka fi saɓani a kai, a bar su a ɗaki da kyamara na 'yan mintuna, daga baya masu tantancewa su bi bidiyon daki-daki suna rubuta inda aka yi gatse, inda aka kau da kai, inda aka katse magana, inda ɗaya ya yi wasa don ya kwantar da ƙura. Da farko kowa yana tsare harshensa saboda kyamara, amma ba a daɗewa ake mantawa da ita, kuma sau da yawa abin da ke bambanta ma'aurata shi ne abin da na biyu ya yi da maganar da na farko ya jefo. Janice Kiecolt-Glaser ta Jami'ar Jihar Ohio ta nuna a 2005 cewa wannan yana sauka har a fata: an yi wa ma'aurata 42 ƙananan bororo a hannu, raunin ya fi jinkirin warkewa bayan zaman gardama fiye da bayan zaman tallafa wa juna, kuma masu yawan gaba a maganarsu sun warke da kashi 60 cikin ɗari na saurin sauran.

A 2020 Samantha Joel da Paul Eastwick suka jagoranci haɗa bayanai 43 na masoya da ma'aurata sama da 11,000, aka sa kwamfuta ta nemo abin da ya fi hasashen gamsuwa. Yadda mutum yake ganin dangantakar, wato ko yana jin abokin zamansa ya riƙe ta da gaske, ko yana yaba masa, da gamsuwar kwanciya da yawan rikici, ya bayyana har kashi 45 cikin ɗari na bambancin gamsuwa tsakanin mutane, ɗabi'unsa na kansa kuma har kashi 21, yayin da ɗabi'un abokin zaman suka ƙara abu kaɗan ƙwarai. Wa zai ƙara jin daɗi nan gaba, wa zai ragu, wannan ya gagari lissafin kusan gaba ɗaya. Masu sayar da manhajojin haɗa aure bisa daidaiton hali ba su cika ambaton wannan sakamakon ba.

Akwai kuma tambayar su wa ake aunawa. Jeffrey Arnett ya ƙirga a 2008 cewa kashi 68 cikin ɗari na mahalarta binciken da ke fitowa a manyan mujallun fannin Amurkawa ne, kashi 96 kuma daga ƙasashen Yamma masu masana'antu. A binciken ma'aurata matsalar tana da wani ƙarin reshe, domin sai mutum biyu sun yarda kafin a zo, kuma waɗanda zamansu ya yi tsami sosai ba su cika amsa gayyata tare ba. Don haka idan aka miƙo mini sabon rahoto a yanzu, nakan tsallake take na tafi sashen hanyoyin aiki, in duba mutum nawa ne, daga ina aka samo su, ƙarfe nawa aka karɓi yawun, ko an auna duka biyun, da kuma ko an sake komawa gare su bayan shekara.