Alaska ta kusa ja min a gabatarwar William Seward

Wallahi har yanzu idan na tuna sai raina ya ɓaci. A kwas ɗin tarihin diflomasiyya aka ba ni William Seward, sakataren harkokin wajen Amurka daga 1861 zuwa 1869, in tsaya gaban aji in yi bayanin aikinsa. Duk inda na leƙa a intanet Alaska, Alaska, kamar mutumin bai taɓa yin komai a duniya ba sai sayen ƙanƙara daga hannun Rasha. Ni ma na bi yarima na sha kiɗa, na haddace 30 ga Maris 1867, dala miliyan 7.2, majalisar dattawa ta amince da ƙuri'a 37, biyu kacal suka ƙi. Na shiga aji ina ji da kaina.

Ina cikin zuba malam ya cire tabarau ya ce, "To Trent fa?" Layi ɗaya tal na rubuta a kai. Gumi ya fara karyo min, takardar hannuna har ta jiƙe a gefe. Allah ya sa ya ce in koma in sake shiri, da maki ya tafi.

Da na zauna na karanta sai na ga ashe nan aikin yake. Nuwamba 1861, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka tsakanin Arewa da Kudu, kyaftin Charles Wilkes na sojan ruwan Arewa ya tare jirgin ruwan Ingila mai suna Trent ya kwashe wakilan 'yan Kudu biyu, Mason da Slidell. Arewa ana ta murna, Ingila kuwa ta harzuƙa har ta tura sojoji Kanada. Seward ɗin nan fa shi ne a Afrilun wannan shekarar ya rubuta wa shugaban ƙasa Lincoln takarda yana neman a tsokano Faransa da Spain, wato ba mutum ne mai gudun rigima ba, amma ya gane yaƙi biyu lokaci guda ba zai yiwu ba. Ƙarshen Disamba ya rubuta wa jakadan Ingila Lord Lyons cewa za a saki mutanen, sai ya juya maganar, wai kuskuren Wilkes shi ne bai kai jirgin gaban kotu ba, kuma wai sakin nan ai aƙidar da Amurka ta daɗe tana karewa ce a kan teku. Ya ja da baya amma ya sa mutanensa suka ji kamar su suka ci. Wannan ita ce diflomasiyyar, ba cinikin fili ba.

Kuma a 1862 shi da Lyons ɗin suka sa hannu a yarjejeniyar da ta bari jiragen yaƙin Ingila su binciki jiragen Amurka da ake zargin suna safarar bayi daga gaɓar Afirka, har da kotun haɗin gwiwa a Saliyo. Abin da ya shafi nahiyarmu kai tsaye, amma ko a taƙaitaccen bayani ɗaya ban gan shi ba, sai Alaska!

Duk wanda aka ba Seward, don Allah ka fara da wasiƙarsa ga Lyons, ka karanta ta da kanka ko da tsayinta zai gundure ka. Alaska ka bar ta ƙarshe, minti biyu ya ishe ta, ai kowa a ajin ya riga ya ji labarin.