Wasiƙa daga Luang Prabang, garin sufaye masu mayafi ruwan goro

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Ina fata kowa yana lafiya, da iyali da harkoki.

Ina rubuto muku ne daga Luang Prabang, tsohon birnin sarautar ƙasar Laos da ke kudu maso gabashin Asiya, daidai inda kogin Nam Khan ke zuba cikin kogin Mekong. Tun 1995 hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya, kuma gidajen bautar addinin Buddha da ke cikinsa, waɗanda suke kira wat, sun haura talatin. Abin da ya kawo ni shi ne ɗaukar hoton rayuwar sufayen da ke zaune a waɗannan gidaje. Na san wani zai ce me ya haɗa Musulmi da gidan sufaye. Addinina yana nan daram. Sana'ata ce ganin yadda 'yan Adam ke rayuwa, in kawo muku.

Tun duhun asuba ake kaɗa ganga a gidajen. Gari na fara wayewa sai ka ga sun fito a jere, ba takalmi, babba a gaba, ƙanana a baya, kowa da tasarsa rataye a kafaɗa. Mutanen gari, yawanci mata da tsofaffi, sun riga sun zauna bakin hanya da 'yan kwandunan gora cike da shinkafa mai danƙo da suka turara tun dare bai gama ba. Kowane sufi ya zo wucewa, a gutsura loma a jefa masa a tasa. Ba mai magana. Sufin ba ya roƙo, ba ya godiya, domin a wurinsu mai bayarwa ne ya ci riba. Da wannan abincin za su karya su kuma ci na rana, don in rana ta take tsaka sun gama ci sai gobe. Na ga wani ƙaramin sufi ya ɗebi shinkafa daga tasarsa da ta cika, ya zuba wa wata yarinya da ke durƙushe da kwando a ƙarshen layi, bai ko waiga ba.

To amma a babban titin gari abin yana ɓata rai. Baƙi sun yi yawa, musamman tun da jirgin ƙasan da ya haɗa Laos da Chaina ya fara aiki a ƙarshen 2021. Sai ka ga ƙato ya tare layi, ya cusa kyamara kusan a hancin yaro, yana walƙa masa fitila a ido. Alhali ƙa'idojin a rubuce suke ko'ina: ka tsaya nesa, ka kashe fitilar kyamara, ka suturta jikinka, kada kanka ya ɗara na sufi tsawo, mace kada ta taɓa shi.

Abin ya fi taɓa ni da na gane su wane ne yaran. Sai mutum ya kai shekara 20 ake naɗa shi cikakken sufi, mai kiyaye dokoki 227. Na ƙasa da haka ɗalibai ne masu dokoki 10, kuma da yawansu 'ya'yan manoma ne daga ƙauyukan kan duwatsu, iyaye suka turo su birni don a nan ne za su samu karatu da wurin kwana. Wa zai ji wannan bai tuna almajiranmu ba? Sau nawa muka ga an ɗauki yaro da robarsa ba a tambaye shi ba, an watsa a Facebook? Ba baƙi kaɗai ke yi ba, har da mu. Yaron ɗan wani ne, yana da kunya, yana da mutunci.

Shi ya sa da safe nake zama can tsallaken titi a wani lungu da ba cinkoso, in yi ƙasa, in bar kyamara ta yi aiki da ɗan hasken da ke akwai. Hotunan da na fi so ma da rana na same su. A harabar Wat Xieng Thong, wanda Sarki Setthathirath ya gina wajen 1560, da sauran ƙananan gidaje, a nan rayuwar take: masu shara, masu wanki suna shanya mayafai a igiya, masu bitar lissafi a inuwa. In ka yi gaisuwa ka zauna, su da kansu za su matso don su gwada Turancinsu. Wani ya tambaye ni ko a ƙasarmu ana noman shinkafa, na ba shi labarin Kebbi da Kura. Sai da hira ta yi nisa na nemi izini. Ya gyara mayafinsa, ya ɗauke murmushi, na ɗauka, na nuna masa. Abokinsa kuwa ya girgiza kai, na mayar da kyamara jaka muka ci gaba da hira.

Daga nan zan bi kogi in nufi ƙauyukan da yaran nan suka fito, ina so in ga iyayen da suka turo su. A gaishe da kowa da kowa, a sa ni a addu'a.

Naku,
ɗan'uwanku matafiyi