Burawni mai fuskar Dodo da saƙar Gizo, don daren tatsuniya

Jama'a in za ku yi aikin shokola a Damagaram to ku jira sanyi, maganar gaskiya kenan. Man da ke cikin koko yana fara narkewa wajen digiri 34, ko zafin jikin mutum bai kai ba, to mu da watan Afrilu da Mayu ke wuce mana 40, me za ki zana a kan gato ya tsaya? Kafin ki kai shi zaure idon ya gangaro ya haɗe da baki. Amma Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ya sauka dare yana yin digiri 15 ko kusa da haka, aikin sai ya zauna daram ko babu firigo, ko wuta ta tafi ba ruwanki. Kuma daidai lokacin ne yara ke hutun lekol, jikokin Hajiya duk su taru a gidanta a Birni, a hura gawayi a tsakar gida a yi ta hira har barci ya kwashe ƙananan.

A irin wannan taron ne na yi burawnin da zan ba ku labari, wani irin gaton shokola ne. 'Yar yayata ce ta kawo maganar, ta gani a TikTok, wai Inna don Allah ki yi mana irin wannan mai ban tsoro. Na karɓi wayar na duba, kayan Halowin ne na Turawa, wanda suke yi daren 31 ga Oktoba. Asalinsa daga Ailan da Sikotilan yake, mutanen can ne suka tafi da shi Amurka da suka yi ƙaura a ƙarni na 19, can ne ma aka koma fafe kabewa ana mata ido da baki ana sa kyandir a ciki. To ni dai ba bikina ba ne, ba na addinina ba ne, kuma ban ga dalilin da zan sa ranar a kalandar gidanmu ba. Amma tsoratar da yara don dariya, kai, wannan ai mu muka iya. Waye a cikinmu bai taɓa ƙanƙame zanen kakarsa ba da aka ce ga Dodo nan ya fito daga rafi? Muna da Dodo, muna da kura mai kwaɗayi, muna da Gizo da matarsa Ƙoƙi, duk yaro ya san su. Sai na ce mata zan yi, amma da namu mutanen.

Abu ɗaya na ƙi tun farko. A bidiyon akwai wanda suke kafa biskit a kan gaton kamar allon kabari, su barbaɗa garin shokola ya zama ƙasar kushewa, har da ƙoƙon kan mutum. Wannan ba zai shiga gidan Hajiya ba, kuma ko a gidana ba zan yi ba. Mu kabari wurin da ake wucewa ana sallama ne ana addu'a, kowa yana da nasa kwance a can, ba abin da zan ɗora a tire in ce yaro ya gatsa ba ne. Dodo kuwa a ci shi, dama a tatsuniya kullum ƙarshensa ba kyau.

Ga wanda bai san burawni ba, gato ne na shokola amma ba mai tashi ya yi fuka-fuka ba, gajere ne mai nauyi, cikinsa da danshi, ana yanka shi murabba'i. Ɗan Amurka ne, ana yawan cewa a otal ɗin Palmer House na Shikago aka fara yin irinsa a 1893. Abin da ya sa ya dace da zane shi ne baƙi ne kuma samansa a shimfiɗe yake, duk abin da kika ɗiga fari a kai sai ya fito raɗau.

Ga awon da nake yi, na faranti mai faɗin santimita 20 kowane gefe: bota giram 150, sukari giram 250, garin koko giram 75, fulawa giram 100, ƙwai 3, gishiri ɗan kaɗan a bakin cokali. In ba ki da sikeli ki sa mai kanti ya auna miki tun a can, ba za su ƙi ba. Lebur mai sa gato ya kumbura ba a sa shi nan, ko kaɗan, in kika sa kin koma yin gato na suna. Kokon kuma ya zama koko tsantsa mai ɗaci, ba Milo ko Bournvita ba, waɗannan sukari da madara da su malt sun cika su, za ki ga abin ya fito fari-fari da zaƙi har ya gundure ki kuma ba ƙamshi. Samun tsantsar ne ɗan aiki a nan, wani lokaci akwai a manyan kantuna, wani lokaci sai dai ki ba da saƙo wajen masu zuwa Kano ko Yamai, kuma ya yi tsada, tun 2024 da farashin tan ɗaya a kasuwar duniya ya haye dalar Amurka 10,000 komai na shokola ya tashi. Abin haushi ma fiye da rabin kokon duniya daga nan kusa yake fitowa, Kodibuwa da Gana, sai ya zagaya duniya ya dawo mana cikin gwangwani da kuɗin da ya fi ƙarfinmu. Toh, a bar wannan.

Man shanu namu na Fulani fa? Yana yi, amma ƙamshinsa yana rinjayar koko, wasu na so wasu ba sa so. Ni na fi sa bota ko Blue Band in yara ne za su ci. Man gyaɗa ma yana yi in ba wari gare shi, sai dai ki rage yawansa.

Narka botar a wuta kaɗan, tana da zafi ki zuba sukari da koko ki juya sosai, ki bar shi ya huce har ki iya sa yatsa ba ya ƙona ki, sannan ki fasa ƙwai ɗaya-ɗaya kina bugawa da ƙarfi, nan ne aikin yake, hannu zai gaji amma ki daure har ki ga kwaɓin ya yi sheƙi yana bin muciya. Wannan bugun ne ke narkar da sukarin, shi ke ba samansa wannan ɓawon siriri mai ƙyalli da ke tsattsagewa in an yanka. Fulawa ce ƙarshe, kuma ita ba a bugunta, juyawa kawai har farinta ya ɓace ki tsaya. Ki shafe faranti da mai ki shimfiɗa takarda, ki juye.

Mai fur na gaz ko na wuta, digiri 180, minti 20 zuwa 25. Mu sauran kuwa tukunya da rairayi, kuma wallahi yana fitowa da kyau. Babbar tukunya, rairayi mai tsafta a gindinta kamar kaurin yatsu biyu, ki ɗora kan gawayi ki rufe ta yi zafi tukuna, sannan ki sa ƙananan duwatsu ko murfin gwangwani ki ɗora farantin kada ya taɓa rairayin, ki rufe ki zuba garwashi a kan murfin. Garwashin saman nan kar ki yi wasa da shi, in babu shi gindin zai ƙone sama na nan ɗanye. Wutar ƙasa kuma ta zama lafiya lau, ba irin ta tuwo ba. Yakan kai rabin awa ko ya ɗan wuce. Ki soka tsinke a tsakiya, in ya fito da ɗan ɓurɓushi mai danshi manne da shi to ki sauke yanzun nan, in kika jira ya fito tas kamar na gato ya riga ya bushe. Mutane da yawa a nan suke ɓata shi don suna tsoron bai nuna ba, alhali yana ci gaba da dahuwa da zafin farantin bayan an sauke.

Ki bar shi ya huce gaba ɗaya. Ni da rana nake gasawa in yi zanen bayan la'asar. Ki rufe shi da murfi ko tire, don hunturu abu biyu yake masa, ya busar da shi, ya kuma yayyafa masa ƙura.

Farin zanen ba wani abu ba ne, sukari ne da aka niƙa ya zama gari laushi, a tankaɗe shi da rariya mai ƙananan ido, a ɗiga madara ko ruwan lemun tsami kaɗan-kaɗan har ya yi kauri yana zuba a hankali daga cokali. Ki ɗibi wani ki sa masa koko ya zama baƙi. Ki zuba kowanne a farar leda irin ta ƙullin ƙanƙara, ki tara shi a kusurwa ɗaya, ki ɗan yanke bakin da almakashi, ƙarami sosai, in ya yi girma ba gyara sai sabuwar leda.

Saƙar Gizo ita ce mafi sauƙi kuma ita ce ke sa mutane su ce kai. Ki shafa baƙin a saman yanka ɗaya, tun yana ɗanye ki zana da'ira fara ƙarama a tsakiya, wata babba a bayanta, wata a bayan wannan, sai ki ɗauki tsinken sakace ki ja daga tsakiya zuwa gefe, ki goge bakinsa ki sake ja ta wani ɓangaren, har ki zagaye. Layukan da kansu za su lanƙwashe su zama yanar gizo. Amma ki yi sauri, iskar hunturu minti kaɗan take ba ki kafin saman ya yi ɓawo, in ya yi tsinken sai ya yage shi, don haka ɗaya-ɗaya ake yi, ba a shafe tire duka sannan a dawo. Shi Gizon kuma rabin dabino ne da aka cire ƙwallon aka kifa, ƙafafu takwas da baƙin nan, huɗu nan huɗu can, da ɗigon ido biyu fari. Yara suna ƙirgawa fa, in kika yi shida za su faɗa miki.

Dodo ne ba shi da ka'ida, don ba wanda ya taɓa ganinsa, kowa da yadda kakarsa ta siffanta masa. Nawa idanu ne manya farare, ɗaya ya fi ɗaya girma, da baƙin ɗigo a karkace, wani ma na ba shi ido uku. Baki na zana fari mai faɗi, na yanka kwakwa sirara masu tsini na jera haƙora, gyaɗa soyayya da aka raba biyu ita ma tana yin haƙoran ƙasa masu kyau, rawaya-rawaya kamar na mai cin goro. Jan da ke ɗiga daga haƙoran kuwa ba kalar kanti ba ce, zoɓo ne, na dafa shi da ruwa kaɗan na tace na sa sukari na bar shi a wuta har ya yi kauri yana danƙo. A kan baƙin burawni ba ya fitowa, sai a kan fari, saboda haka kan kwakwar ake ɗiga shi da bakin tsinke, kuma a ƙarshe dab da za a ci, don in ya jima yana malala cikin farin ya mayar da shi ruwan hoda, Dodo ya koma mai jan-baki. Tsamin zoɓon da ɗacin koko suna tafiya tare sosai, manya ma wannan suka fi nema.

Kura ce ta ba ni wuya, fuskarta a kan abu mai faɗin tafin hannun yaro ba ta fitowa, sai ta yi kama da kare ko tunkiya. Na haƙura na yi sawunta kawai, babban ɗigo ɗaya da ƙanana huɗu a gabansa, na jera su a tire kamar ta bi ta kai ta wuce. Ya ma fi ba ƙananan tsoro.

Bayan isha'i aka fito da tiren, ba a kunna ƙwan lantarki ba sai tocilan ɗaya a ƙasa. Hajiya ta leƙa ta daɗe tana kallo, ta ce ke 'yar nan, abinci ne wannan ko kayan boka? Na ce Hajiya ɗanɗana dai ki ji. Ta ɗauki mai dabino, ta ce to Gizo yau kai ne a hannu. Sannan ta gyara zama ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara suka amsa ta zo mu ji ta da baki cike. Doka ɗaya aka sa, ba mai ɗaukar Dodo sai Dodo ya fito a labarin, sai ga shi duk sun natsu suna jiran ya fito, har wani ƙaramin yana ta cewa Hajiya ki bar Gizon nan ki kawo Dodo mana, ita kuma da gangan take ja, tana maƙale murya irin tsamin bakin Gizo tana ƙara masa wata tafiyar. Autan gidan kam ya ƙi taɓa mai ido uku sam, sai da yayarsa ta cinye masa idon na ukun sannan ya karɓa.

Awon nan yana ba da yanka 16 in kin yi huɗu-huɗu, in yaran sun fi haka ki ninka ki yi faranti biyu, kar ki zuba duka a faranti ɗaya ya yi kauri, tsakiyar ba za ta nuna ba. Wuƙar yanka ki tsoma ta a ruwan zafi ki goge kafin kowane ja, gefen zai fito sumul. Wanda ya rage in ba zoɓo a kansa yana kwana uku lafiya a roba mai murfi a wannan sanyin. Gefe-gefen da na datse don su daidaita kuwa ban kai su gidan Hajiya ba, da su muka sha shayi ni da maigida washegari, shi ma cewa ya yi nan gaba in rage sukarin.