Darasin batirin na'urar bugun zuciya, ga waɗanda za su karɓi aikin

Maganar da ta fi yi wa marasa lafiyarmu illa a sashen zuciya ita ce wadda wasu manya kan faɗa ranar sallama: "Batirin nan zai yi shekara goma, sai ka ji wani abu ka dawo." Mutum ya koma Kafanchan ko Birnin Gwari da wannan a ransa, ba a sake ganinsa ba. Ranar da aka kawo shi a sume kuwa, ƙaramin ma'aikacin da ke riƙe da rajista ake tuhuma, wanda ya yi maganar ba mai tambayarsa.

Na'urar ba ta yin ƙara idan batirinta ya kusa ƙarewa. Wasu daga cikin masu ba zuciya girgizar lantarki sukan yi ƙara ko su motsa a ƙirji, amma ta daidaita bugu zalla yawanci shiru take yi. Batirinta na litiyom da aidin yana farawa da kusan bolt 2.8, yana raguwa a hankali, turjiyar cikinsa tana hawa. Idan ya kai iyakar da kamfani ya sa, sai ta shiga matakin da muke kira ERI, wato lokacin da ya kamata a canja ta, ta fara tsimin wuta da kanta: takan daina ƙara bugu idan mutum yana tafiya ko aiki. Yawancin na kamfanin Medtronic ma sukan bar ɗakin zuciya na sama, su riƙa bugun na ƙasa kaɗai, sau 65 a minti. Daga nan ne kasala da jiri da haki da zillon jijiyar wuya ke farawa, kuma a nan ne ake ɓata makonni ana shan maganin taifot a kemis. Dattijon da ke da na'ura, bugunsa ya tsaya cak a 65 ko yana zaune ko ya hau bene, a duba batirinsa a ranar.

Inda babu na'urar karantawa ta kamfanin, maganaɗisu da awon zuciya na takarda sun isa su ba da haske. A ɗora maganaɗisun a kan na'urar a ƙirga bugun a minti. Medtronic mai lafiya 85 take bayarwa, idan ta gaji 65. Boston Scientific 100, ta sauka 90 idan saura shekara ɗaya ko ƙasa da haka, sannan 85. Biotronik 90, sannan 80. A lura da kyau: 85 lafiya ce a wani kamfani, a wani kuma alamar a yi maza ce. Shi ya sa katin na'ura da babu sunan kamfani da lambar samfuri a jikinsa bai da amfani, musamman ga waɗanda aka sa musu a Indiya ko Masar. Kuma kada a yi wannan gwajin a kan mai girgiza, domin maganaɗisu dakatar da girgizar yake yi, ba ya nuna ƙarfin batir.

Daga ERI zuwa lokacin da kamfani ba ya lamunin aikin na'urar, wata uku ne a mafi yawansu. A Kaduna wata uku ba ya isa a haɗa kuɗi daga 'yan'uwa, a yi odar sabuwa, a samu ranar tiyata. Don haka da zarar ƙiyasi ya nuna saura shekara ɗaya, a zaunar da iyali a faɗa musu, a kuma mayar da zuwa asibiti duk wata uku maimakon wata shida ko shekara. Wanda zuciyarsa ba ta da bugun kanta a ƙarƙashi, shi ake sa wa a gaba.

Batirin da ya ƙare da wuri akwai dalili: ko an bar ƙarfin bugu sama da buƙata tun ranar tiyata ba a rage ba, ko rufin wayar da ke haɗa na'urar da zuciya ya tsage wuta na zurarewa, sai a ga turjiyar wayar ta faɗi ƙasa da ohm 250.

Ba batir kaɗai ake canjawa ba, a rufe yake cikin gwangwanin na'urar, duka ake cirewa, a gwada wayoyi a bar su idan suna da kyau. A ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin yanka, don canji ya fi sawar farko haɗarin ruɓewa. A rubuta lambar waya biyu a rajista, ta mara lafiya da ta ɗansa.