Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Yadda yis ya koya mini hanyar insulin

A makon jiya na tsaya a inda aka karɓe ni a ɗakin binciken ƙwayoyin halitta. Na shiga ne da burin yin aiki a kan ciwon suga, domin a lokacin ba abin da ke raina sai insulin. Malam ya saurare ni har na dasa aya, sannan ya miƙo mini faranti mai ɗigo-ɗigon yis. Na ce, "Malam, ai yis ba ya ciwon suga." Ya ce, "Haka ne, ɗana. Amma shi ma yana fitar da kaya daga cikinsa, kuma hanyarsu ɗaya da ƙwayoyin jikinka. Fara sanin hanyar tukuna."

Ga hanyar a taƙaice. Furotin ɗin da ƙwaya za ta fitar, a wani sashe da muke kira ER ake ƙera shi. Daga nan a ƙunshe shi cikin 'yar jakar tantani a kai shi Golgi, sashen da Camillo Golgi ɗan Italiya ya gano a 1898. A can ake ƙarasa shi, a tantance inda za shi, a sake ƙunshe shi, jakar ta je ta haɗe da bangon ƙwayar ta zazzage kayanta waje. George Palade ne ya bi sawun wannan tafiya a ƙwayoyin fankiriyas, gaɓar cikin ciki da ke samar da insulin, aka ba shi kyautar Nobel a 1974. To amma wa ke ɗaure jakar, wa ke nuna mata inda za ta sauka? Wannan bai fito ba sai daga baya.

Dabarar da Randy Schekman da ɗalibinsa Peter Novick suka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley har yau tana burge ni. Idan ka lalata hanyar gaba ɗaya ƙwayar mutuwa za ta yi, ka rasa abin dubawa. Sai suka nemo yis mai tawaya a ƙwayar gado, wanda ke rayuwarsa lafiya lau a zafin digiri 25, amma da an kai shi digiri 37 sai hanyar ta toshe. A 1979 suka bayyana na farko, sec1. A 1980 adadin ƙwayoyin gadon ya kai 23.

Irin waɗannan yis ɗin Malam ya ba ni. Aikin ba shi da wani armashi a ido: ka raina su cikin ruwan abincinsu, ka tsoma kwalbar a ruwan ɗumi, ka daskarar da su da sinadari, ka yanka su sirara-sirara fiye da yadda ido zai gani. Amma ranar da na zauna gaban na'urar hangen ƙwayoyi mai aiki da ilektiron, a ɗaki mai duhu, na ga ƙwayar yis mai tawayar sec1 a kan allo, tsikar jikina sai da ta tashi. Lafiyayyen yis ɗai-ɗai za ka ga jakunkunan a cikinsa, domin ba sa jimawa suke sauke kaya. Wannan kuwa cike take maƙil, ƙananan da'irori birjik, kamar motocin kaya da suka yi cincirindo a bakin gadar da ta karye. Na sauya zuwa sec7, na tarar Golgi ne ya kumbura. A sec18 kuma kayan ba su ma isa Golgi ba. Kowane cikas da nasa matsayin, kuma da haɗa cikas biyu a ƙwaya ɗaya aka gane wanne ke gaba da wanne.

A wannan zamanin ne James Rothman, a Jami'ar Stanford, ya ɗauki wata hanyar daban: ya fasa ƙwayoyin dabba, ya sa safarar ta gudana a cikin kwalbar gwaji. Ya ciro wani furotin mai suna NSF, sai ga shi ɗan'uwan wanda sec18 ke samarwa a yis ne. A 1993 ɗakinsa ya nuna aikin furotin ɗin SNARE, masu sarƙewa su janyo jaka ta manne da inda aka aike ta. Thomas Südhof kuma ya nuna yadda sinadarin kalsiyam ke ba da umarnin sakin kayan a ƙwayoyin jijiya cikin ƙiftawar ido. Su ukun, Rothman da Südhof da Schekman, suka raba Nobel a 2013.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji ana cewa bincike a kan yis ɓarnar kuɗi ne. Dafin da ke kawo cutar tetanus, SNARE yake datsewa. Insulin ɗin da na zo nema, idan suga ya hau a jini, kalsiyam ne ke shiga ƙwayar fankiriyas, SNARE su buɗe jakunkunan. Kai, wani kaso mai yawa na insulin da masu ciwon suga ke yin allura da shi a yau, yis ne ke ƙera shi ya fitar ta wannan hanya.

Da na kai wa Malam hotunan, ya daɗe yana jujjuya su. Ya ce, "To, yanzu ka isa a ba ka ƙwayoyin fankiriyas." Irin wuyar da na sha kafin su yarda su rayu a hannuna, shi ne labarinmu na mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.